Dokin Mai Baki Ya Fi Gudu: Tunawa da Mataccen Doki a Adabin Hausa, Tare da Duban Ƙasar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda adabin Hausa, na baka da rubutacce, yake tunawa da doki bayan ya mutu. Dokin da muka fi sa wa ido shi ne wanda bai yi suna a fagen fama ko a fagen sukuwa ba, wato irin dokin nan mai lafiya da ake ɗora wa yaro da tsoho da mai rauni, ya kai su ya komo da su ba tare da ya firgita kowa ba. Mun zaɓi ƙasar Haɗejiya ta zama wurin da za mu tsaya mu yi hange, saboda tana cikin masarautun da ba a iya ba da tarihinsu sai an ambaci dawaki, kuma fadamarta ta daɗe tana ciyar da su.

Abin da ya ta da wannan magana ya faru ne nesa da mu. A gasar Olamfik ta 1952 da aka yi a birnin Helsinki, wata mace 'yar ƙasar Denmak mai suna Lis Hartel ta zo ta biyu a wasan sarrafa doki, alhali kuwa cutar shan inna ta kama ta tun 1944, ta bar ƙafafunta a shanye daga gwiwa zuwa ƙasa, har sai an ɗora ta a kan sirdi an kuma sauke ta. Sunan goɗiyar da ta hau Jubilee, kuma da ita ta sake cin wannan matsayi a 1956. Wannan abu ya ƙarfafa wa likitoci da masu gyaran gaɓoɓi gwiwa, har a 1969 aka kafa ƙungiyoyin hawan doki domin naƙasassu a Ingila da kuma Amurka. Hikimar abin ita ce, idan doki yana tafiya a hankali, motsin gadon bayansa yana juya ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugun mai tafiya da ƙafa yake juyawa, saboda haka jikin yaron da bai taɓa takawa ba yana samun horon da ba zai samu a zaune a kan tabarma ba. To, irin waɗannan dawaki sukan shekara goma ko fiye suna wannan aiki, kuma idan ɗayansu ya mutu, cibiyar da yake ciki takan rubuta tarihinsa da halayensa, iyayen yara su aiko da saƙonni, wani lokaci har a kafa allo mai ɗauke da sunansa. Tambayarmu ita ce, in da a bakin kogin Haɗejiya irin wannan doki ya mutu, da wane kayan aiki adabinmu zai tuna da shi?

2.0 Haɗejiya da Dawakinta

Tun daga zamanin Sarki Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a birnin Haɗejiya a 1808, ƙarfin masarautar a kan doki yake. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda take maƙwabtaka da Gumel da Macina da Bade da Katagum, a bakin iyakar Daular Usmaniyya da Barno, kuma mai tsaron irin wannan iyaka ba ya yi sai da barade. Kogin da ya taso daga haɗuwar ruwan Kano da na Calawa yakan malala a fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri kowace damina, idan ya janye ya bar burgu da sauran ciyayi masu kyau, ga gero da harawa daga tudu, ga kanwa da fatake suke kawowa daga ƙasar Manga. Duk abin da barga take bukata yana kusa.

Gumurzu biyu ne suka fi zama a bakin masu ba da tarihin Haɗejiya. Na farko shi ne gamon Kaffur na 1853, inda Sarki Buhari ya watsa rundunar haɗin gwiwa da aka turo masa a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Na biyu shi ne ranar shahada a watan Afrilu na 1906, wato 'yan makwanni bayan rikicin Satiru, lokacin da sojan Ingila a ƙarƙashin Kanar Lowry Cole suka shiga birnin da bindigogi masu ruwa, Sarki Muhammadu da 'ya'yansa da manyan baradensa suka ƙi miƙa wuya, aka yi ta yi har ya faɗi. Saboda haka ake kiransa Mai Shahada. A wannan rana mahaya sun yi ta kai hari a kan dawaki cikin ruwan harsashi, kuma hankali ya ba da cewa dawakin da suka faɗi ba su gaza mutanen da suka faɗi ba, domin doki ya fi mahayinsa girma a idon mai harbi.

To amma mu dubi yadda ake ba da labarin. Ana riƙe da sunan sarki da na hakimai da na jarumawa, ana riƙe da kirarinsu, an san ƙofar da aka shigo da wurin da aka yi artabu. Hatta Kyaftin Filibus, Baturen da mutanen Haɗejiya suka yi wa laƙabi da Mai Tumbi, an san kabarinsa. Doki kuwa yakan shigo labarin ne a matsayin adadi, wato an fita da dawaki kaza, an kamo kaza a ganima, ko kuwa a matsayin launi, a ce wane yana kan kili, wane yana kan akawal. Masu binciken da suka tattara tarihin baka a wannan yanki, irin su Victor Low wanda littafinsa a kan Gombe da Katagum da Haɗejiya ya fito a 1972, sarautu da gundumomi da jerin sarakuna suka sa a gaba, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin abin da suka je nema ke nan. Sai dai a lura cewa mai ba da labari yakan amsa abin da aka tambaye shi ne kawai.

3.0 Shingen da Harshe Ya Gitta

Kafin mu zargi mawaƙa da sakaci, ya kamata mu dubi kalmomin da harshe ya ba su. Mutum shi yake rasuwa, doki mutuwa yake yi. Jikin mutum gawa ne, na doki mushe. Mutum akan yi masa sutura a kai shi makwancinsa, doki kuwa akan ja shi a fitar bayan gari, ko kuma, in ubangidansa mai ƙaunarsa ne, a haƙa rami a rufe shi don kada ungulu da karnuka su wulaƙanta shi. Wanda aka yi wa rasuwa gaisuwa ake zuwa yi masa, a ce Allah ya ji ƙan mamaci. Wanda dokinsa ya mutu jaje ake yi masa, irin wanda ake yi wa mutumin da gobara ta cinye wa rumbu, a ce Allah ya mayar da alheri. Wannan addu'a ta ƙarshe ita ce ta fi bayyana matsayin doki, domin abin da ake roƙon a mayar, abu ne da ake ganin wani zai iya maye gurbinsa. Babu wanda zai je gidan da uba ya rasu ya ce Allah ya mayar.

Wannan shinge shi ne ya hana waƙar ta'aziyya, wadda malamai suke kira marsiyya, ta karɓi doki. Idan muka dubi marsiyyoyin Nana Asma'u (1793-1864), kamar waɗanda ta yi wa Sarkin Musulmi Bello bayan rasuwarsa a 1837 da wadda ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ko kuma ɗimbin waƙoƙin da aka rubuta bayan kisan Sardauna a 1966 da na Janar Murtala a 1976, za mu ga ginshiƙansu ba su canja ba: ambaton kyawawan ayyukan mamaci, da roƙa masa gafara, da tunatar da masu rai cewa suna tafe, da fatan saduwa a Aljanna. Doki ba a ɗora masa salla ko azumi ba, balle a roƙa masa gafarar abin da ya tauye. Idan aka zare wannan ginshiƙi, sauran ginin ba ya tsayuwa, kuma malamin da ya gwada ɗora marsiyya a kan dabba yana tsoron a ce ya mai da addu'a abin wasa.

Kada a ɗauka addini ya rena doki. Akwai sura guda a Alƙur'ani, wato Adiyati, wadda ta buɗe da rantsuwa da dawaki masu gudu, kuma littattafan sira sun adana sunayen dawakin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, irin su Sakbu da Murtajizu da Lizazu. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin zaure ya karanta, an ba doki rabo biyu a ganima, mahayinsa rabo ɗaya, an kuma ɗauke masa zakka. Dukkan wannan girmamawa ta rayayyen doki ce. Ana kuma iya ƙara wani dalili na al'ada, wato kunya da kawaici. Al'ummar da take yaba uban da ya danne hawayensa a kan ɗan fari, da wuya ta saurari dattijon da ya tsaya a bainar jama'a yana kukan dabba. Baƙin cikin yana nan, amma a barga yake tsayawa.

Akwai kuma hanyar da muke bi wajen raɗa wa dawaki suna, wadda ita ma take taimakon mantuwa. Mafi yawa da launi ake kiransu, a ce Kili ko Akawal ko Hurde ko Danda ko Biɗi ko Gunya, ko kuwa da wurin da aka samo su, a ce Ɗan Barno ko Ɗan Azbin. Sunan jinsi ne ya zama sunan yanka. Idan kilin sarki ya mutu yau, kafin wata Salla an ɗaure wani kilin a turkensa, shi ma Kili za a kira shi, kuma bayan shekara ashirin labarin ukun ko huɗun da suka gaji juna ya narke ya zama na doki ɗaya.

4.0 Narambaɗa da Ɗanfilinge

Duk da wannan shinge, akwai dokin da ya mutu tun da daɗewa amma har yanzu Hausawa suna ambatonsa. Wannan shi ne Ɗanfilinge, wanda Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin kotson Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya yi wa waƙar da aka sani da suna Dokin Iska. Sunan dokin ma daga wuri aka ɗauko shi, wato Filinge da ke arewa maso gabas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Narambaɗa ya rasu tun farkon shekarun 1960, amma faifan ya shiga gidajen rediyo, kuma ta wannan hanya mutumin Haɗejiya da bai taɓa taka ƙasar Isa ba ya san wannan doki.

Idan muka ɗora waƙar a kan gadon feɗe waƙa, irin wanda Abdulƙadir Ɗangambo ya tsara wa masu nazari, za mu ga jigonta zuga ne, babban salonta kuwa mutuntarwa. Makaɗin ya ɗauki dukkan kayan aikin da yake amfani da su a waƙar sarauta, wato kirari da kambamawa da habaici ga abokan hamayya, ya juye su a kan dabba, har ya zama mai sauraro yana jin dokin kamar wani basarake ne da ya fito fage ya tarar da mahassada. Wannan gwaninta ce babba, kuma ba mu san mai musun haka ba a cikin mahalarta wannan taro. Abin da muke so a lura da shi shi ne, waƙar ba ta san mutuwa ba. An yi ta dokin yana da rai, yana cin gasa, kuma duk lokacin da aka sa faifan, a wannan hali yake komowa. Ashe ke nan yabon da aka yi wa rayayye shi ne ya yi aikin da marsiyya take yi wa mamaci. Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu, yana nufin cika baki, amma a nan karin maganar ya zama gaskiya tsagwaronta, domin a zamanin Ɗanfilinge an yi dawakin sukuwa da yawa a Katsina da Kano da Sakkwato, kuma shi ne ya tsere musu duka a fagen tunawa saboda ya sami mai baki.

Amma wannan hanya tana da sharuɗɗa biyu masu tsauri. Na farko, sai ubangidan doki mai iko ne ko mai dukiya, wanda yake da makaɗi, domin yabon doki a haƙiƙa yabon mai shi ne aka biyo da shi ta bayan gida. Na biyu, sai dokin yana da halin da makaɗi yake iya zugawa, wato gudu da zafin rai da cin nasara. Kalmomin zuga na fada an ƙera su ne domin jarumi, kuma ba su da abin da za su ce da haƙuri. A nan ne dokin da muke magana a kansa ya faɗi. Abin mamaki shi ne harshen yau da kullum ya san darajarsa, tun da yake kalmar nan lafiya ita muke amfani da ita ga ƙoshin jiki, ita kuma muke amfani da ita ga dabbar da ba ta cizo ba ta harbi. Doki mai lafiya shi ake nema ranar da yaro ya sauke Alƙur'ani za a zaga da shi gari, shi ake ba baƙon da bai iya hawa ba, shi ake ɗaura wa sirdi domin dattijon hakimin da ƙafa ta gaza amma ba ya so a yi hawan Salla babu shi. Makaɗa suna nan a wurin, suna kiɗa wa hakimin take, ba wanda ya dubi abin da yake ɗauke da shi.

5.0 Abin da Larabawa Suka Yi

Za a iya cewa ai Musulunci ne ya hana a yi wa dabba waƙar makoki, saboda haka maganar ta ƙare. Tarihin adabin Larabci bai goyi bayan wannan ba. Sa'alabi, wanda ya rasu a 1038, ya kawo a littafinsa Yatimatud Dahri cewa lokacin da dokin Abu Isa ɗan Munajjim ya mutu, waziri Sahibu ɗan Abbad (ya rasu a 995) ya umarci mawaƙan fadarsa su yi wa dokin marsiyya su kuma yi wa mai shi ta'aziyya, aka tara ƙasidu da dama a kan haka. Kafin wannan, Ibnul Allaf na Bagadaza ya yi wa kyanwarsa marsiyyar da ta shahara, har wasu suka ce da wani mutum yake, tsoron hukuma ne ya sa ya fake da kyanwa. Can baya kuma, Maliku ɗan Raibi, da ajali ya riske shi a hanyar komowa daga Hurasan, ya yi wa kansa makoki, ya lissafa dokinsa cikin 'yan kaɗan ɗin da za su yi kewarsa.

A ganinmu ƙasidun fadar Sahibu ba abin koyi ba ne sosai, domin gasar fasaha ce aka shirya don faranta wa waziri, kuma baƙin cikin da aka yi odarsa daga sama ba ya ɓoyuwa. Amfaninsu a gare mu shi ne sun nuna cewa malamai Musulmi sun ɗauki wannan jigo ba tare da an kafirta su ba. Malamanmu na zaure sun karanta siffanta doki a ƙasidun Imru'ul Ƙaisi da Antara, sun kuma aro ma'aunan waƙa da ƙafiya daga Larabci, amma wannan reshe na makokin dabba ba su aro shi ba. Dalili a fili yake, wato rubutacciyar waƙar Hausa ta girma ne a hannun masu jihadi a matsayin kayan wa'azi da karantarwa, kuma ba ta da lokacin irin wannan.

6.0 Ƙwalele Dokin Iliya

A ƙagaggun labarai, littafin da ya fi kusa da batunmu shi ne Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda aka buga a Zariya a 1951. Sanannen abu ne cewa tushen labarin na Rasha ne, wato almarar jarumin nan Iliya na Murom, kuma marubucin ya sa masa rigar Hausa. Iliya ya tashi ba ya iya tafiya, yana zaune a gida iyayensa suna gona, har waɗansu baƙi suka zo ya sami lafiya da ƙarfi ta hannunsu. Bayan haka ne ya mallaki dokinsa Ƙwalele, wanda sunansa ya shiga bakin duk wanda ya yi makarantar firamare a Arewa a wancan zamani. Sunan ma abin nazari ne, domin ƙwalele shi ne a nuna maka abu a hana ka, kamar yadda ake cewa ƙwalelen kare da hantar kura. Doki ne na a gani a yi sha'awa.

Abu biyu muka tsinta a nan. Na farko, ga mai rauni ga doki a littafi ɗaya, amma dokin bai zo ba sai bayan raunin ya tafi. Wato a tunanin labarin, doki ladan lafiya ne da shaidar cikar namiji, kuma gurgu ba shi da rabo a sirdi sai ya daina zama gurgu. Wannan ya yi hannun riga da abin da Lis Hartel ta nuna a Helsinki shekara ɗaya kacal bayan fitowar littafin. Na biyu shi ne ƙarshen labarin, inda Iliya da dokinsa suka zama dutse. Mun daɗe muna ganin malamai suna koyar da wannan wuri a matsayin abin al'ajabi kawai, alhali kuwa warware matsala ce. Marubucin ba zai iya barin Ƙwalele ya tsufa ya mutu a ja shi bayan gari ba, domin masu karatu ba za su yafe masa ba, kuma ba shi da kalmomin da zai yi masa jana'iza. Dutsen da ya tarar a asalin labarin ya fitar da shi daga wannan tsaka mai wuya, ya ba dokin abin tunawa ba tare da ya zama mushe ba. Narambaɗa da Ingawa sun bi hanya daban, amma wuri ɗaya suka ɓulla: dukansu sun tsare dokinsu daga mantuwa ta hanyar hana shi mutuwa.

(A gefe guda, wurin da al'adar Hausa ta haɗa doki da warkarwa kai tsaye shi ne bori, sai dai a juye. A can mara lafiyan da aka yi wa girka shi ne yake zama doki, mace kuma goɗiya, iska ita ce mahayi. Fremont Besmer ya yi nazarin wannan a Kano a littafinsa na 1983. Mun ambace shi ne don a ga cewa ko a nan, darajar doki ita ce ya ɗauki wanda ya fi shi.)

7.0 Hirar Barga

Da mun tsaya a kan waƙa da littafi, da sai mu ce Bahaushe ba ya tunawa da mataccen doki. Duk wanda ya taɓa zama da muri da zagage da yaran barga, a Haɗejiya ko a wata masarauta, ya san ba haka ba ne. Waɗannan mutane su ne suke kwana da doki idan ciwon ciki ya kama shi, su suke jiƙa masa kanwa, su suka san wanda ba ya son a taɓa masa kunne da wanda ba ya shan ruwa sai an yi masa fito. Idan hira ta kai su ga dokin da ya mutu, ba a warwatse suke ba da labarinsa ba. Akan fara da launinsa da alamun goshinsa da na ƙafafunsa, sa'an nan asalinsa da hannuwan da ya bi, wato wa ya saye shi, wa ya ba wa kyauta, sa'an nan halinsa, sa'an nan manyan hawan da aka yi da shi, daga bisani ciwon ajalinsa da wanda yake tsaye a kansa. Wannan zubi ne da tsari, kuma idan aka kwatanta shi da na marsiyya za a ga ginshiƙi ɗaya kawai ya rasa, wato roƙon gafara. Bugu da ƙari, a wannan hira ce kaɗai ake yabon haƙuri, a ce wane doki ko jariri aka ajiye a ƙarƙashinsa ba zai taka shi ba. Rabe-raben adabin baka da muke koyarwa a jami'o'i, wato waƙa da tatsuniya da almara da karin magana da kirari da sauransu, ba su ware wa wannan gurbi ba, saboda haka ɗalibanmu ba sa zuwa nemansa.

Ba muna kira ne a fara yi wa dawaki zaman makoki irin na Turawa ba, kuma ba ma son a tilasta wa marsiyya ɗaukar abin da ba a gina ta dominsa ba. Abin da ya dame mu shi ne masu wannan hira suna ƙarewa, kuma yanayin da ya haife ta ya sauya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ambaliyar da take rayar da fadama ba ta zuwa yadda ta saba, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa a yankin Guri da Kirikasamma, noman rani na shinkafa da alkama kuma ya shiga wuraren da a da makiyaya ne. Ciyar da doki ya zama sai mai hali. Hawan Salla da Hawan Bariki suna nan da armashinsu a Haɗejiya, samari kuma suna kilisa da hawan angwanci, amma da yawa daga cikin dawakin haya ne ko aro. Wanda ya tsufa kuwa sau da yawa ba ya mutuwa a turkensa. Akan kai shi kasuwa, irin ta Maigatari da take ci ranar Alhamis, daga nan wani a loda shi a mota a yi Kudu da shi inda ake yanka dawaki a ci. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta ke nan, kuma dokin da bai mutu a gaban murinsa ba, labarinsa ba shi da ƙarshen da za a bayar.

Saboda haka muna ba Sassan Hausa na jami'o'in da suke kusa, wato ta Kafin Hausa da ta Dutse da ta Bayero, shawarar su tura ɗalibai bargar fada da gidajen hakimai na Auyo da Birniwa da Malam Madori da Kafin Hausa, da na'urar ɗaukar magana. Kada a nufi hakimi da tambayar, domin shi zai ba da labarin hawa ne da wanda ya zo kallo. A nemi tsohon da yake yankan ciyawa, a same shi da yamma bayan an kwance sirdi an ba da dusa, a fara da tambayarsa dokin da aka soma ɗora shi a kai yana yaro, da launinsa, da inda ya ƙare.